Kankaren Hoyt a Tangaran ɗin Vernell

A garinmu Tullis, can arewacin Alabama, in ka ji murya na tashi daga bencin gidan mai tana cewa "ai ni na koya masa," ba sai ka waiwaya ba, Hoyt Suggs ne. Shekara arba'in ya yi yana zuba kankare, da ya ajiye aiki kuma sai ƙarfin hannun duk ya tattara ya koma bakinsa. A faɗarsa shi ya koya wa makanikin garin ɗaure noti, shi yake gyara wa Fasto wa'azi. Naman barewar da ke cikin firjinsa ma cewa yake da harsashi ɗaya ya kayar da ita daga tsallaken kogi, alhali kowa ya ga gaban motarsa a lotse, da gashi a jikin fitila.

Abin da ya sa ake ɗaga masa ƙafa bai wuce matarsa Vernell ba. Ranar Lahadi ta farko a watan Oktoba ita ce Ranar Dawowa Gida a cocinmu, duk ɗan garin da ya yi nisa yakan zo, a karya kumallo tare a zauren coci kafin sujada. Kowace mace takan kawo girkinta, ta manna salatif a gindin kwanon ta rubuta sunanta, wai don kada kwanuka su ɓace. Wannan dai faɗa ce kawai. Gaskiyar magana, in an tashi sai matan su bi teburi suna kifa kwanuka, a ga na wa aka sharɓe tas, na wa ya yi kwantai. Vernell tana da wani shuɗin tangaran mai zurfi da ta gada daga uwarta. A cikinsa take jera biskit ɗinmu na safe, mai laushin nan da ake ɓarawa da yatsa yana tururi, ta zuba ƙwai da cuku, ta malale shi da farar miyar madara da niƙaƙƙen nama, ta gasa. Shekara talatin da ɗaya a jere tangaran ɗin nan yana komawa gida ko ɗigo babu. Maƙwabciyarsu Earline ita ma irin girkin take kawowa, kuma shekara talatin da ɗaya tana komawa da ragowar kusurwa guda da ciwon rai.

Sai ga shi a bana Vernell ta karye a wuyan hannu. Matakalar ƙofar baya ce ta kayar da ita, wadda Hoyt ya gyara ya ce ta fi ta gidan gwamna ƙwari. Aka ɗaure hannun, ita kuma ta ce bana hutawa za ta yi, gara a rasa tangaran ɗinta a teburi da a gan shi da ragowa.

Ranar Juma'a Dewey, mijin Earline, ya tsokano maganar a benci. Ya ce to bana dai matarsa za ta sha iska, tunda gidan Suggs an rufe kicin. Hoyt ya ajiye kofin kofi ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce wa ya gaya musu Vernell ce ke girkin nan? Lokacin da ya auro ta ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, shi ya zaunar da ita ya koya mata, don dai ba ya son suna ne ya bar mata.

"Kai da ko ƙwai ba ka taɓa soyawa ba," in ji Dewey.

"Girki kwaɓi ne, mutumina. Gari, ruwa, tsakuwa. Wanda ya zuba gadar kogin can ba farar miya ce za ta ba shi tsoro ba."

"In ya yi kwantai fa?"

"In ko cokali ɗaya ya rage, a zaunar da ni a gaban jama'a in cinye shi ni kaɗai."

Mutum shida ne a bencin, duk suka ce sun shaida. Kafin la'asar maganar ta isa shagon gyaran gashi na mata, wanda ke nufin ta isa ko'ina.

Vernell ba ta yi faɗa ba, ta san mijinta. Ta ɗauko katin da uwarta ta rubuta yadda ake girkin ta miƙa masa, ya ce ta adana abinta, shi ba almajirin kowa ba ne a harkar kwaɓi. Ta ce to ya riƙe abu biyu. Gwangwanin fulawa biyu ne a kan kanta, ɗaya mai tashi da kanta, wadda aka riga aka gauraya da hodar kumburi, ita ce ta biskit, ɗayar kuma zalla, ita ce ta miya. Hoyt ya ce fulawa ai fulawa ce.

"Na biyu, Maigida," ta ce, "ka yi ɓarnarka a duk abin da ka ga dama, ko a bokiti ne, amma ban da shuɗin tangarana. Sunana ne a gindinsa."

Ya ce Allah ya kiyaye, me zai yi da tsohon tangaran.

Safiyar Lahadi 'yarsu ta zo ta ɗauki Vernell, za su biya gidan tsofaffi su taho da gwaggonta, sai a haɗu a coci. Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba Hoyt ya taka kujera ya sauko da shuɗin tangaran daga saman kabad. Ya kifa shi, ya ga sunan matarsa, ya yi tsaki. Shi zai yi gumi a yabi wata? Ya ɓare salatif ɗin, ya manna sabo mai faɗin tafin hannu, ya ɗauko baƙin alƙalamin da yake sa alama a katako ya rubuta da manyan haruffa: HOYT SUGGS, SHI DA HANNUNSA. Daga nan ya shafe cikin tangaran ɗin da mai, lungu-lungu, kamar yadda yake shafe katako kafin a zuba kankare don kada ya kama. A duk aikin da ya yi ranar, wannan kaɗai ya yi da sani.

Ya jawo gwangwanin da ya fi kusa da hannunsa ya juye a roba, ya zuba madara, ya jefa curin man shanu. Vernell da yatsu take taɓa ƙullin biskit, sau huɗu ko biyar ta ƙyale shi, kamar mai tsoron tada jariri. Hoyt ya ce wannan ragwanta ce ta mata. Ya tafi gareji ya dawo da injin huda bango, ya ɗaura masa sandar kwaɓa filasta, ya cusa a roba ya danna. Rabin ƙullin ya yi sama ya manne a fanka, fanka kuma ta rarraba shi ga labule da kalanda da hoton aurensu. Abin da ya saura a roba ya kwaɓu ƙwarai kam, har in ka ja shi yana komawa kamar robar taya. Ya yayyanka da ƙyar ya jera a tangaran, yana yaba ƙarfin abin.

Sai miya. Vernell naman alade mai kitse take sayowa, don a cikin kitsen ake soya fulawar. Hoyt ya ce sam, yau garin nan zai ɗanɗana barewarsa. Ya zuba niƙaƙƙen naman a kasko ya tsaya jiran kitse ya fito. Barewar da ta ƙare rayuwarta a guje ina ta ga kitse? Naman ya bushe ya fara kamawa, shi kuma ya ɗebo fulawa daga gwangwani na biyu ya watsa a kai. Hayaƙi ya turnuƙe, na'urar gargaɗin gobara da ke silin ta fara ƙara, ya ɗauko tsintsiya ya yi mata bugu ɗaya ta faɗo ta yi shiru. Ya juye galan ɗin madara. Miya ta yi tsululu, gudaji na yawo a ciki. Wannan kam ya san maganinsa, kwaɓi in ya yi ruwa siminti ake ƙarawa. Ya ƙara fulawa, ta yi tauri. Ya ƙara madara, ta yi ruwa. Ya ƙara fulawa. Daga kasko aka koma tukunya, daga tukunya aka koma babbar tukunyar da ake tafasa kwalaben adana 'ya'yan itace, madara kuma ta ƙare.

Dole ya ƙetara shinge da kofi a hannu. Earline ta buɗe ƙofa cikin rigar coci, ƙamshin girkinta na fitowa ta bayanta, ta tsaya kallon ƙullin da ke lilo a girarsa. Ya ce ɗan ƙarashe ne kawai yake nema, komai ya kammala. Ta tambaye shi da wace fulawa ya yi miyar, ya ce da ta jan gwangwani. Ta tambaye shi biskit fa, ya ce da ta farin. Earline ta san kicin ɗin Vernell kamar nata, ta san sarai ya juya su, mai tashi ta tafi miya, zalla ta tafi biskit. Ta cika masa kofin har baki, ta ƙara masa da galan guda.

"Allah sarki, Ɗan'uwa Hoyt," ta ce da murya mai taushi. "Ka ci gaba a haka, kana kan hanya."

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san in mace ta ce maka Allah sarki da wannan muryar, ta gama yanka ka ne tana goge wuƙa. Hoyt ya dawo gida yana cewa ko abokiyar gaba ta sallama.

Ya fasa ƙwai dozin guda, ɓawon da ya faɗa ciki ya ce ƙarin ƙarfi ne. Ya loda miya a kan biskit har ta yi tozo, ya ɗauko cokalin gini ya shafe saman sumul, ya ɗora ma'aunin da magina ke duba daidaito da shi ya ga ƙwayar ta tsaya a tsakiya, ya gyaɗa kai. Ragowar miyar ya ɗan zuba wa karensu Gwamna, wanda ya taɓa cinye safar hannu ta fata bai ko yi tari ba. Gwamna ya sunsuna, ya ɗaga kai ya dubi maigidansa, ya shige ƙarƙashin baranda.

Agogo ya nuna saura minti ashirin a fara karyawa a coci. Vernell minti arba'in take ba shi a wuta matsakaiciya, saboda haka Hoyt ya yi lissafin magina, ya ce rabin lokaci, ninkin wuta. Ya murɗa tanderu har ƙarshe ya tafi aske gemu.

Da kumfa a rabin fuska ya jiyo ƙauri. Ya leƙa ta gilashin tanderu ya ga miya ta kumbura ta yi kan tulu, tana numfashi, tana zubowa ta gefe tana kama wuta a ƙasa. Na'urar da za ta yi gargaɗi kuwa tana kwance a ƙasa inda tsintsiya ta bar ta. Hayaƙi ya fita ta taga, maƙwabta da ke shirin shiga motoci suka taru a bakin shinge da hulunansu na coci. Dewey, da yake ɗan sa-kai ne a 'yan kwana-kwanan garin, ya shigo a guje cikin kwat da laktaye a wuya, riƙe da jan tulun kashe gobara. Hoyt ya tare ƙofar tanderu da ƙirjinsa ya ce sai dai a fesa masa, ba dai girkinsa ba.

"Gidanka ke ci, tsoho."

"Ba ci yake ba, gasuwa yake. Haka manyan kuku ke yi, sai an ga hayaƙi ɗanɗano ke shiga."

"To ɗanɗanon ya kama labule."

Aka kashe labule. Da aka fito da tangaran, tozon nan ya yi wani dogon huci ya sace, ya koma ƙasa ya zauna daram. Hoyt ya kankare baƙin saman da cokalin gini, ya lulluɓe wurin da cuku da barkono, ya naɗe da tawul. Ya gaya wa mutanen bakin shinge su je su kama layi tun da wuri, don ba zai kai kowa ba. Da ya ɗauka zai kai mota sai da ya huta sau biyu a hanya.

A zauren coci ya wuce kai tsaye ya ajiye shi a kan teburi, wurin da Vernell ke ajiyewa, ya ture na Earline gefe. Baƙin da suka zo daga nesa ba su ji labarin karaya ba, ba su ji alwashin benci ba, shuɗin tangaran kawai suka hango suka yi layi da farantansu. Wani ma cewa ya yi tun daga Detroit yake tuƙi da yunwar abin nan. Fasto Lamar ya ce a sunkuyar da kai, kuma da yake rana ce ta baƙi, ya ja addu'ar nan ya ambaci marasa lafiya da matafiya da sojoji da manoma ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan lokacin abin da ke cikin tangaran yana hucewa, yana yin abin da kwaɓin Hoyt ya saba yi in ya huce.

Bisa al'ada Fasto ke fara ɗiba ya zuba wa wadda ta fi kowa tsufa, wato Iya Opal mai shekara casa'in da biyu. Ya kafa cokali, cokali ya lanƙwashe. Ya yi murmushi ya karɓi wuƙa, ya danna da hannu biyu, da taimakon wani dattijon coci aka ɓalle kusurwa guda, aka farfasa aka rarraba wa mutum biyar na gaba. Mu kuwa a wajenmu ba a kushe abincin coci a fili, ko guba ce sai ka ce an gode. Mutumin Detroit ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce lallai akwai cika ciki. Wata ta naɗe nata a takardar goge baki ta tura jaka. Iya Opal ta sa nata a baki, da ta zaro shi sai ya fito tare da haƙoranta na sama.

Layi ya gangara a hankali ya koma kan kwanon Earline. Daga nan raɗa ta fara zagawa. Vernell dai ta tsufa. Hannun ya tafi. Ashe haka abin ya zama? Earline na zuba wa mutane tana girgiza kai tana Allah sarki Vernell, kowa da ranarsa. Hoyt da ya shigo yana buɗa kafaɗa ya fara ja da baya yana neman tukunyar kofi ya ɓuya. Mutumin Detroit ya tare shi ya tambaye shi a hankali ko da gaske matarsa ce ta yi wannan. Hoyt ya dubi silin, ya dubi takalminsa.

"To, tangaran dai nata ne," ya ce.

Bai san Vernell na tsaye a bayansa ba, hannu ɗaya a rataye, ɗayan riƙe da kujerar guragun da take tura gwaggonta. Ta ji raɗar tun daga ƙofa, ta kuma ji wannan. Ranta ya ɓaci iyakar ɓaci, ba don girkin ba, don mijin da ya tsaya ana jan sunanta a ƙasa ya sa hannu a aljihu. Ta ratsa mutane ta isa teburi, ta ce wa Dewey ya kifa mata tangaran ɗin, za ta ɓare sunanta da hannunta, kada ya kwana a kan wannan abin kunya.

Dewey ya yi nishi ya ɗaga ya kifa. Man nan da Hoyt ya shafa ya yi aikinsa. Abin ya zame gaba ɗaya, dunƙule guda mai kusurwa uku da guntu, ya daki ƙasa da ƙarar da ta sa kofuna rawa a teburi. Tayil ya tsage, shi ko ɓarɓashi bai zubar ba. Fasto Lamar ya gyara tabarau ya sunkuya kan gindin tangaran, ya karanta da muryar da yake karanta Littafi:

"Hoyt Suggs, shi da hannunsa."

Iya Opal ce ta fara dariya, da dasashinta, sai zauren ya ɗauka. Mutumin Detroit har da zama a ƙasa. Earline kaɗai ce dariyarta ba ta kai ciki ba. Hoyt ya fito daga bayan tukunyar kofi, ya zagaya dunƙulen, ya taɓa shi da ƙafa, ya ce a dai faɗi gaskiya, a duba yadda ya fita daga katako, ko tsaga babu, a garin nan wa zai zuba irin wannan?

Vernell ta karɓi tangaran ɗinta da hannu ɗaya ta juya cikinsa ga haske. Yana ƙyalli kamar an wanke. Ta ɗaga shi saitin Earline ta bar shi a nan har sai da ta tabbata an gani.

"Shekara talatin da biyu," ta ce.

Dewey kuwa bai manta ba, shaidun benci su shida ma suna nan. Aka ciccibi dunƙulen mutum biyu aka ɗora a teburi, aka jawo kujera, aka ɗaura wa Hoyt tawul a wuya. Wani ya kawo cokali mai yatsu, wani ya ce a'a, ya tafi mota ya ɗauko guduma da kurfi. Aka buga ƙararrawar shiga sujada, jama'a suka fara wucewa ta gabansa kowa na yi masa a ci lafiya.

Vernell ce ta ƙarshe. Ta ɓare salatif ɗin daga gindin tangaran, ta manna masa a aljihun riga ta danna da babban yatsa don ya zauna sosai, ta saƙale tangaran ɗinta a hammata.

"Ci a hankali, Maigida, kada ka ƙware," ta ce. "Ban ɗora komai a gida ba. Na rana da na dare ma shi ne."